Lasin na aljihu, amma wa ya gwada ka?

Bari in fara tona wa kaina asiri kafin in taɓa kowa. Lasin ɗina na farko, ban taɓa zama kusa da mai gwaji ba na same shi. Wani ejan na ba kuɗi da fasfo guda biyu a bakin wani shago a Tudun Wada ta Kaduna, bayan 'yan kwanaki ya kira ni wai in zo a ɗauki hotona da zanen yatsu, shikenan fa, na zama direba a takarda. A lokacin ko ribas ɗin kirki ban iya ba, in zan fita daga layinmu sai na tara yaran unguwa suna min "taho, taho, karya kan, ya isa!" kamar mai shigar da tirela gareji. Kuma wallahi ban ji na yi wani laifi ba, don duk abokaina haka suka yi, wanda ma ya ce zai je a gwada shi dariya za mu yi masa mu ce bai waye ba.

Wanda ya fara sa ni jin kunyar abin shi ne kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya ƙare aikin gwamnati yana gwada direbobi, irin waɗanda muke kira 'yan VIO, masu farar riga da baƙin wando. Ranar da na kai masa motar da na saya ya sa albarka, ina ta rawar kai, ya zagaya ta sau biyu, ya danna tayoyi da ƙafa, ya ce in kunna tirafiketa, ya ce in taka birki ya ga wutar baya. Sannan ya ce "ɗan nan, kawo lasin ɗinka in gani." Na miƙa da hannu biyu ina murmushi. Ya juya shi gaba da baya ya ce "wa ya gwada ka?" Na yi shiru ina sosa ƙeya. Ya miƙo min abina ya ce "to Allah ya tsare bayin Allahn da za su haɗu da kai a hanya." Addu'ar da motata ta samu ke nan ranar.

Abinda ya tuno min da maganar, satin da ya wuce a shataletalen Lugard Hall wani matashi da Corolla ya faɗo min ta dama ina cikin zagaye, da ƙyar na sha, madubina dai ya tafi. Muka fito, maimakon ya ba ni haƙuri sai ya hau ni da faɗa wai shi ne a kan babban titi don haka shi ke da hanya. Na ce masa bawan Allah, wanda ke cikin shataletale shi ake jira, kai mai shigowa kai za ka tsaya wa na hagunka. Sai ya zaro walat ya nuna min lasin, wai kar in koya masa tuƙi, shekararsa shida da shi. Na kalli katin na kalle shi na rasa bakin magana, don irin nawa ne sak, ƙila ma ejan ɗinmu ɗaya.

A ƙa'ida fa tsarin ba shi da laifi. Sai ka kai shekara 18. Ka fara da makarantar koyon tuƙi wadda hukumar Road Safety ta amince da ita, ka yi darasi 26, su ba ka satifiket. Daga nan a kai ka gaban mai gwaji, shi ke da hurumin cewa ka iya ko ba ka iya ba. Hukumar tara haraji ta jiha ta karɓi kuɗinta, 'yan Road Safety su ɗauki hoto da yatsu, a ba ka takardar wucin gadi ta kwana 60 kafin katin ya fito, na shekara 3 ko na shekara 5. In ka duba duk wannan layin, kowa takarda yake gani ko kuɗi ko hoto. Mutum ɗaya ne tak yake ganin ƙafarka a kan birki, kuma shi ne wanda muka haɗu muka mayar da shi kamar babu shi.

Mutane sun ɗauka aikin mai gwaji zama ne a inuwa da biro da hatimi. Ku zauna da wanda ya yi shi tsakani da Allah ku sha labari. Kawu ya ce shi kafin a tada mota ya gama rabin gwajinsa. Yana kallon yanda ka shiga, ka gyara kujera ko kuwa a yanda ka same ta za ka tafi, ka taɓa madubi, ka ɗaura bel, ka duba giya tana firi kafin ka murɗa makulli. Ya ce akwai wanda daga yanda ya riƙe sitiyari ka san yau akwai aiki, ya ƙanƙame shi kamar za a ƙwace masa, gumi na zuba, baki na motsi yana karanto duk addu'ar da ya sani. Irin wannan wai ba ya ba shi tsoro sosai, don mai tsoro yana jin magana. Wanda ya fi tsorata shi shi ne mai shigowa da hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a taga, yana cewa "Oga ai ni tun ina firamare nake jan mota."

Sai a shiga fili, ga durom-durom an jera, ka yi ribas ka shiga tsakaninsu ba tare da ka taɓa ko ɗaya ba. Ka juya mota a ƙaramin titi ba tare da ka hau kwalbati ba. Sai tashi a kan hawa, wanda shi ne ke kayar da mutane a zamanin da duk motoci manuwal ne, Fijo 504 da ake haɗawa a nan Kakuri da su Land Rover. Za a tsayar da kai a tsakiyar hawa, ka ja hambirki, sannan ka tashi ba tare da motar ta sulale baya ba, wato ka haɗa kuloci da totur daidai sannan ka saki hambirkin. Kawu gwangwanin madara yake ajiyewa a bayan taya, in ya fito ya ga ya lotse ba sai an yi musu ba. Daga nan a fita titi na gaske cikin mutane, ana tafiya sai ya bugi dashbod da fayil ɗinsa, ma'ana ka tsaya nan take kamar yaro ne ya gifta. Ya ce a nan ya ga abin mamaki iri-iri, wani ya saki sitiyari ya rufe ido, wani ya juyo yana tambaya "na tsaya ne?", wani kuwa totur ya taka maimakon birki suka nufi teburin mai shayi.

Ku tuna fa a gefen da yake zaune babu birki babu sitiyari, abinda ke hannunsa hambirki ne da La haula. Motar ma ba tasa ba ce, ta wanda ya zo gwaji ce ko wadda ya aro, wata birkinta sai an yi famfo sau uku kafin ya kama. Haka zai yi da mutum bayan mutum, cikin zafin watan Maris, gilas a sauke ƙura na shiga. Har yau in ka ɗauko Kawu a mota za ka ga ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa duk sanda aka tunkari kwana, shekara da shekaru da ritaya amma ƙafar ba ta yi ritaya ba. Jikokinsa har tsokanarsa suke wai Alhaji na taka birkin iska.

Amma duk wannan ya ce ba shi ne wahalar aikin ba. Wahalar ita ce kalma ɗaya, ka dubi babban mutum mai gemu ka ce masa "Malam ba ka ci ba, ka je ka ƙara koyo ka dawo." A garin nan wannan kalma ta fi zagi zafi. Wani zai buɗe aljihun mota ka ga ambulan an ajiye yanda za ka gani, ya ce "na goro ne Oga." Wani kati zai miƙo maka daga wani babba, an rubuta a baya a taimaka masa yaronmu ne. Wani ba zai ce komai ba, sai bayan sallar isha ka ji sallama a ƙofar gida, surukinka ne ya rako shi, ga buhun shinkafa a but. In ka ƙi, gobe a wurin ɗaurin aure ana nuna ka da baki, wai ga mugun nan, ba ya alfarma, baƙin ciki yake yi kar wani ya samu. Gwaggo, matarsa, ta taɓa ce min akwai gidan da suka shekara ba sa gayyatarta suna saboda an kayar da ɗansu.

Wanda ya fi tsaya masa a rai kuwa ba mai ambulan ba ne, wannan mai sauƙi ne, ka ce ya ɗauke abinsa. Talaka ne da zai riƙe maka hannu ya ce "Oga ka dubi Allah, an yi min alkawarin aikin direba ranar Litinin, yarana biyar, da wannan takardar zan ci abinci." Kuma gaskiya yake faɗa, kana ganin gaskiyar a takalminsa. Amma yanzun nan ka ga ya kasa tsayar da mota, kuma aikin da za a ba shi bas ce ta 'yan makaranta ko ta haya Kaduna zuwa Zariya, mutum goma sha a bayansa. Na tambayi Kawu to me kake yi? Ya ce "ɗan nan, kayar da shi nake yi, in koma gida in kasa cin tuwo." Wani lokaci yakan ce wa mutumin ya same shi a fili ranar Asabar ya nuna masa inda yake kuskure, kyauta, ya dawo wani satin. Wasu sun dawo sun ci. Wasu kuma bai sake ganinsu ba sai a titi, suna jan bas, sun samo takardar ta wata hanya, har su yi masa hon su ɗaga masa hannu.

To ni a nan ra'ayina yake, kuma na san ba zai yi wa wasu daɗi ba. Mun iya zagin masu yunifom, kuma ba na cewa zagin ba shi da dalili. A Disambar 2015 gwamnan lokacin, Malam Nasir El-Rufai, ya rushe ofishin VIO na jihar nan gaba ɗaya bisa zargin cin hanci da rashin ɗa'a da wulaƙanta jama'a, direbobi suka yi ta murna a tashoshi, aikin titi ya koma hannun KASTLEA, hukumar kula da dokokin titi ta jihar. A 2024 ma wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke cewa 'yan VIO ba su da hurumin tare motoci su ƙwace ko su ci tara, mutane suka yi ta yaɗawa a Facebook kamar an ci kofi. Duk na ji. Amma ka lura duk fushinmu a kan wanda ke tare mu a titi ne. Ban taɓa jin an yi zanga-zanga ko an cika rediyo da waya don an ba wani lasin ba tare da gwaji ba. Wannan cin hancin ba ma kiransa cin hanci, sunansa taimako, don mu ne ke amfana. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ni na kai kuɗina da ƙafata. Ba wanda ya tare ni, ba wanda ya tilasta min. Uban da ke sayen lasin ya ba ɗansa kyautar gama sakandare, ya san yaron a filin ƙwallo ya koya, kwana huɗu, hannun abokinsa. Mai gidan da ke ce wa matarsa "bari kawai zan sa a kawo miki har gida," ya san ba ta taɓa hawa gadar Kawo da kanta ba. Mai bas ɗin da ya ba yaron motarsa makulli don ya iya gyara fakin a tasha, ya san abinda ya yi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma ranar da abin ya faru sai mu haɗu a zaure mu ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa.

Kar a fahimce ni a karkace, na yi imani da ƙaddara kamar kowane musulmi. Amma malamanmu tun muna islamiyya suka koya mana ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah. Alƙaluman hukumar Road Safety, wadda aka kafa tun 1988 zamanin Babangida, sun nuna sama da mutum 5,000 ne suka mutu a hatsarin mota a 2023, haka ma a 2024, kuma wannan waɗanda aka rubuta ne kawai, ban da wanda aka ɗauka daga bakin titi aka yi masa sutura kafin la'asar ba tare da wata hukuma ta sani ba. Kullum abinda suke sawa a gaba cikin dalilai shi ne gudu. To tsaya ka tambayi direbobi goma a tashar Kawo ko Mando ko ma a wurin ajiye motocin ma'aikata, nawa ne ƙa'idar gudu a cikin gari? Kilomita 50 ne a awa. A babbar hanya 80, a tagwayen titi irin na Abuja ƙaramar mota 100, tirela da tanka 60. Ni kaina sai da na shekara biyar da lasin kafin na san wannan, kuma a bakin Kawu na ji. Wanda ba a taɓa tambayarsa ba, yaushe zai nema ya sani?

Na san abinda za a ce min, don an sha faɗa min a majalisa. Na farko, wai ai ƙwararrun direbobinmu ba su je wata makaranta ba. Gaskiya ne. Akwai dattawan da suka fara daga karen mota, suka shekara bakwai suna wanke gilas da sa waigi a taya kafin maigida ya bari su taɓa sitiyari, sun yi shekara talatin suna Legas suna Maiduguri ko akuya ba su taɓa bugewa ba. Amma ku duba da kyau, ai wannan ma gwaji ne, har ya fi na gwamnati tsanani, don maigidan ba ya karɓar na goro, motarsa ce a kan layi. Yanzu wannan tarbiyyar ta tasha ta yi rauni, yaro wata uku a bayan Sharon ya ce hannunsa ya faɗa, ko a ba shi Keke a kan balas yau gobe ya fito Ahmadu Bello Way. Na gargajiyar ya tafi, na bokon mun kashe shi da kuɗi, sai muka zauna babu ko ɗaya.

Kuma irin waɗancan dattawan su ne hujjata cewa gwajin bai kamata ya zama jarabawar Turanci ba. A nuna wa mutum alama a allo a tambaye shi da Hausa me take nufi, ya amsa da baki. Wanda bai iya karatu ba yana iya sanin jan da'ira hani ne, ya san layin da bai yanke ba a tsakiyar titi ba a obatek a kansa. Kawu da Hausa yake yi wa mutane tambaya tun wancan zamani, wani lokaci har da zane a ƙasa da tsinke. Ya ce da aka yi canjin hannu a watan Afrilun 1972, aka dawo tuƙi ta dama, da rediyo da waƙa da shela aka wayar da mutane, direbobin da ba su san ko A ba suka gane, aka wuce wurin. In an so a koyar ana iyawa.

Na biyu, kuma wannan ya fi ƙarfi, wai in aka tsananta gwaji farashin cin hanci ne kawai zai tashi. Wannan ba zan musa ba, haka muke. Duk inda ka ba mutum ɗaya ikon cewa e ko a'a a cikin mota daga shi sai wanda ke neman e ɗin, ka buɗe kasuwa. Amma maganin wannan ba shi ne a daina gwajin ba. A fito da shi fili mana. A ware wuri sananne, kowa na gani, 'yan uwanka na tsaye a gefe, in ka ture durom duniya ta shaida. A sa kyamara a motar gwaji, yanzu ko wayar dubu arba'in tana ɗaukar bidiyo. Kar mutum ya san wanda zai gwada shi sai an kira sunansa da safen. Wannan ba don a kama mai gwaji kawai ba ne, don a kare shi ne ma, ya samu abin faɗa wa surukinsa in ya zo da shinkafa: Baba ba yanda zan yi, an ɗauka a kyamara. Kawu ya ce da yana da wannan uzurin a zamaninsa da bai yi asarar zumunci da yawa ba. Sannan a biya su albashin da mutum zai iya kallon ambulan ya kau da kai, don wanda ke saka ransa a motar baƙo sau da yawa a yini bai kamata ya koma gida yana lissafin kuɗin makarantar yara ba.

Na uku, wai bin ƙa'ida wahala ne, ka je yau a ce babu netwok, ka koma gobe a ce mai sa hannu ya fita, takardar kwana 60 ta ƙare kati bai fito ba. Wannan kuka ne na gaskiya kuma shi ke ciyar da ejan-ejan. A 2025 an ƙara kuɗin lasin mota zuwa naira 15,000 na shekara 3 da 21,000 na shekara 5, amma tambayi mutane nawa suka biya ka ji, bambancin nan kuɗin gudun layi ne da gudun gwaji a haɗe. Hukuma ta gyara layinta. Sai dai mu ma mu raba biyun, wanda ya biya don kar ya yini a benci daban, wanda ya biya don kar a ga bai iya ribas ba daban.

Wani abokina da ya je karatu Ingila, mutumin da ya shekara goma yana tuƙi tsakanin Kaduna da Kano, sau biyu yana faɗuwa gwajinsu. Ya kira ni yana huci wai wariya ce. Da ya huce ya ce a'a, madubi ne ba ya dubawa kafin ya canza layi, kuma can kusan rabin masu zuwa gwajin faɗuwa suke yi, ba wanda ke ɗaukar abin a matsayin cin mutunci, ka sake biya ka sake zuwa. Ba ina cewa mu zama Ingila ba, titinsu da fenti namu da rami. Abinda na ɗauka a labarin shi ne faɗuwar ba abin kunya ba ce a wurinsu. Mu kuwa yaro zai faɗi JAMB sau uku a ce Allah ya sa haka ya fi alheri, amma a ce ya faɗi gwajin mota, sai dangi su tashi kamar an zagi kakansu.

Wani abu da Kawu ke yawan faɗa, wanda maza ba sa son ji, wai a duk shekarunsa mata sun fi ba shi kwanciyar hankali. Ba don sun fi ƙarfin hannu ba, don in ya ce ki rage gudu za ta rage, in ta faɗi za ta tambayi ina ne kuskuren ta rubuta. Namiji kuwa sai ya fara yi maka bayanin cewa motar ce ba ta saba da shi ba. Ra'ayinsa ne, ni dai na faɗa muku yanda na ji, amma duk sanda na ji wani a go-slow yana cewa "ai mace ce shi ya sa," sai in tuna wanda ya cire min madubi gemu gare shi.

Bayan abin Lugard Hall ɗin nan na je gidan Kawu ina ba shi labari ina kumfar baki. Ya bari na gama, ya ce "kai yanzu ka iya ne?" Na ce haba Kawu, shekara nawa. Ya ce to ɗauko makulli. Muka tafi wani fili bayan unguwarsu, ya sa jikokinsa suka jera jarkoki, ya zauna a gefena da tsohon fayil a cinya, wallahi sai na ji tafin hannuna na gumi kamar ɗan aji ɗaya. Ribas na wuce, juyawa na wuce. Muka fita titi, ya bugi dashbod na tsaya cak har na fara jin kaina. Da muka dawo ya ce sau huɗu na canza layi ban sa tirafiketa ba, sau biyu na ɗauki waya na duba, na wuce alamar makaranta da gudun 70, kuma tun da muka fita ban kalli madubin dama ba ko sau ɗaya. Na ce ai shi ne aka fasa min. Ya ce "to da motar da babu madubi ka zo gwaji?" Ya rufe fayil ya ce in dawo bayan sati biyu. Yaran nan suka bi ni da dariya har bakin gate.

Yanzu ƙanwata ce ke neman lasin, ta samu aiki a Barnawa kuma kuɗin Keke daga Rigasa kullum ya ishe ta. Ejan ɗin nan nawa har yanzu yana nan, lambarsa na wayata, shekaranjiya ma ya turo min saƙon barka da Juma'a. Mijinta ya ce in yi masa magana kawai a gama. Na ce a'a, ta gama darasinta a makarantar tuƙi a kai ta a gwada ta, ya kalle ni kamar na zare, ya ce kai da ka sayi naka? Na ce e, ni ɗin. Mama ta sa baki ta ce to a gaya wa Kawu ya kira wani cikin yaransa na da da ke aiki har yanzu, a duba ta da idon rahama. Na kai masa saƙon yayarsa kamar yanda aka aike ni. Ya ce in gaya wa Yaya ya ji, kuma ba zai kira kowa ba, amma a kawo masa yarinyar ranar Asabar da safe, ya sa an nemo masa gwangwanin madara.